Amsar Tambayoyinku: "Steadfastly" da Tsayin Daka

Wata malamar makaranta daga Zariya ta tambayi ma'anar kalmar Turanci "steadfastly", da yadda za a faɗe ta da Hausa.

Malama, bayanau ce (kalmar da ke nuna yadda aka yi aiki) da aka gina a kan "steadfast", ita kuwa haɗin tsofaffin kalmomi biyu ce: ɗaya na nufin wuri, ɗayar na nufin abin da ya kafu. Wato wanda ya kafe a wurinsa, ba ya gusawa. Abu biyu ke cikinta, ƙarfin tsayawa da ɗorewa a kai. Duk fassarar da ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya, gurguwa ce.

A nan ne wasu masu fassara labarai ke ɓata mini rai. Komai "sosai", komai "da ƙarfi". Sai ka ji an ce wane "ya ƙi amincewa da ƙarfi". Wane Bahaushe ne ke magana haka? Cewa muke ya ƙi ƙememe, ko ya kafe, ko ya tsaya kai da fata. In ɗorewar ake son fitarwa, to ya yi tsayin daka. A ganina babu kamar wannan ta ƙarshe. Dubi mace a gindin turmi: ƙafafu a kafe, taɓarya na tashi tana sauka, ba ta zama sai gari ya yi laushi. Ga ƙarfin, ga kuma nacin, duk a kalmomi biyu.

Sai amsa-kama, wato kalmomin da ke fito da kamannin aiki, waɗanda kowace da aikatau ɗinta. Zama daram, tsayuwa kyam, riƙo gam, ɗauri tam. Kwanaki na ji wani matashi ya ce "ya riƙe shi daram", abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. A kuma yi hattara da ƙiƙam, don ba yabo ba ce: mutum ne ya sandare a tsaye, ba magana ba aiki. In maganar ibada ce, malamai istiƙama suke cewa, ko sabati. Ita ma "tabbata" da muke faɗa kullum, saiwarta ɗaya da sabati a Larabci.

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya ce, ko "steadily" ma haka take?

Alhaji, asalinsu ɗaya, amma ita ta abin da ke tafiya ce ba tsayawa: farashin gero na ta hawa sannu a hankali.

Wani ɗalibi daga Gusau yana son cikon "yau da gobe".

Ita ta sa allura ginin rijiya, ɗana. Naci ake nufi, ba jinkiri ba.

Wata kuma ta tambayi ko "dindindin" za ta maye gurbin tsayin daka.

A'a. Dindindin tsawon lokaci kawai take nunawa, babu ƙudurin zuci a cikinta.