Tambaya da Amsa: Ya kamata Star Trek ya ƙara ɗaci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Tun ina ƙarami nake kallon Star Trek, shirin talabijin ɗin nan na tafiye-tafiye a sararin samaniya. Kwanan nan na kalli Andor, shirin nan mai dogon zango na Star Wars, ya kuma girgiza ni ƙwarai. Kurkuku ne da zalunci da cin amana, mutane na mutuwa ba mai zuwa ceto. Da na koma wa Star Trek sai na ga kamar tatsuniyar yara, kowa mutumin kirki, kowace rigima ta mutu kafin a tashi shirin. Mun yi ta musu da abokina. Shi ya ce in aka ƙara masa ɗaci an kashe shi, ni kuma na ce in bai bi zamani ba zamani zai wuce ya bar shi. Wa ke da gaskiya?
Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma shi ma akwai abin da ya tsallake. Star Trek ya daɗe da sanin ɗaci, ya kuma iya shi tun kafin a yi tunanin Andor. Abin da ba zan so a taɓa ba shi ne ginshiƙinsa, wato yardar da ya yi cewa ɗan Adam zai iya gyaruwa.

Ka tuna lokacin da aka haifi shirin. Ranar 8 ga Satumba 1966 tashar NBC ta fara nuna shi a Amurka. Ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ana zaman doya da manja da Tarayyar Sobiyet, baƙar fata na kan tituna suna neman haƙƙinsu. A wannan hali Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin, ya zaunar da baƙar mace, Uhura, a ɗakin sarrafa kumbon Enterprise a matsayin jami'a, ga Sulu ɗan asalin Asiya yana tuƙi, a zango na biyu kuma aka ƙaro Chekov ɗan Rasha. George Takei da ya fito a Sulu, yana yaro gwamnatin Amurka ta killace shi da iyayensa a sansanin da aka tsare masu asalin Japan lokacin yaƙin duniya na biyu. Mutanen nan sun san baƙin ciki sarai, da gangan suka zaɓi su nuna gobe mai kyau. Nichelle Nichols da ta fito a Uhura ta sha ba da labarin yadda ta yi niyyar barin shirin, Martin Luther King ya roƙe ta da ta zauna. Mae Jemison kuwa, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce ganin Uhura na cikin abin da ya ƙarfafa mata gwiwa. Shi ya sa kalmarka ta tatsuniyar yara ta ɗan sosa mini rai.

Na yarda da kai a wuri ɗaya. Da aka dawo da shirin a 1987 da sunan The Next Generation, Roddenberry ya kafa wa marubuta dokar cewa ma'aikatan kumbo ba sa rigima da juna, kuma kashi da yawa na farko sun fito salam, ba abin da ke kama zuciya. Amma ko a nan, nemi kashi biyun nan na 1992 da Kardasiyawa, mutanen wata duniya, suka kama Kyaftin Picard, shugaban kumbon Enterprise. Mai azabtar da shi ya kunna fitilu 4, ya ce sai ya amsa cewa 5 ne. Picard ya ƙi har aka sake shi. Daga baya, cikin sirri, ya gaya wa Troi, mai ba ma'aikatan kumbon shawara, cewa a ƙarshe shi kansa ya fara ganin kamar 5 ɗin ne. Ba a malalar da jini ba, amma har yau in na tuna fuskar Patrick Stewart da ya fito a Picard a wurin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Inda nake so ka zauna ka nutsu shi ne Deep Space Nine, wanda aka nuna daga 1993 zuwa 1999, Avery Brooks na jagoranta a matsayin Benjamin Sisko. A wani kashi na 1998 mai suna In the Pale Moonlight, Tarayyar Duniyoyi, wato haɗakar duniyoyin da jaruman shirin ke yi wa aiki, na shan kashi a yaƙi da daular Dominion. Kowace Juma'a Sisko ke liƙa jerin sunayen waɗanda suka mutu, jama'a na zuwa suna duba ko akwai nasu. Ya ga ba mafita sai Romulawa, mutanen wata daula mai ƙarfi, sun shigo yaƙin, su kuwa sun ƙi. Sai ya nemi Garak, telan nan da a da ɗan leƙen asiri ne, suka ƙirƙiro shaidar ƙarya cewa Dominion na shirin mamaye Romulawa. Sanatan Romulawa da aka kai wa shaidar ya gane jabu ce. Kafin ya isa gida Garak ya dasa bam a jirginsa. Romulawa suka tsinci shaidar a cikin tarkace, suka ɗauka fashewar ce ta lalata ta, suka shiga yaƙi. Sisko ya samu abin da yake so, a kan ƙarya da cin hanci da jinin mutum biyu.

Ka lura da yadda aka ba da labarin. Sisko ne zaune shi kaɗai yana faɗa wa kundin sirrinsa abin da ya aikata, yana ta maimaita wa kansa cewa zai iya rayuwa da wannan nauyi, daga ƙarshe ya goge bayanin gaba ɗaya. Abin yana yi wa mai kallo ciwo ne saboda mun san Sisko ya san daidai, mun san rigar da ke jikinsa an ɗinka ta ne a kan gaskiya. Da a ce kowa a Tarayyar maƙaryaci ne, da ƙaryarsa ba ta dami kowa ba.

Haka labarin Nog, yaro na farko daga jinsin Ferengi da ya shiga Starfleet, rundunar kumbunan Tarayyar. Ya rasa ƙafa a fagen daga. Shirin bai wuce wurin da gaggawa ba, ya ba shi kashi guda cur. An sa masa sabuwar ƙafa, likitoci sun ce lafiyarta ƙalau, shi kuwa yana ɗingishi da sanda, ya kasa zama cikin mutane, ya gudu ya ɓuya a ɗakin da kwamfuta ke ƙirƙiro duniyar mafarki. Sai da ya fashe da kuka ya amsa cewa tsoro yake ji, sannan ya iya fitowa. Irin wannan ɗacin ina maraba da shi kowane lokaci.

Wanda ba na so shi ne na neman suna. Shirin Star Trek: Discovery ya fara a 2017 da yaƙi da mutanen Klingon da kyaftin mai baƙar zuciya. A zangon farko na shirin Star Trek: Picard a 2020 an nuna ana ƙwaƙule idon Icheb, yaron da masu kallon shirin Star Trek: Voyager suka ga tasowarsa, yana ihu, kyamara na kai. Na tambayi kaina me wannan ya ƙara mini, ban samu amsa ba. An ba ni tashin zuciya, ba a ba ni abin tunani ba. Kuma a ganina ba banza ba ne da shirin Star Trek: Strange New Worlds ya zo a 2022 da salon da, kowane kashi da labarinsa da kyaftin mai sauraron mutanensa, masoya da yawa suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Andor kuwa shiri ne mai kyau, ba ni da ja. Tony Gilroy da ya ƙirƙiro shi ya san aikinsa. Sai dai kowa da kiwon da ya karɓe shi. Star Wars tun daga fim ɗin farko na 1977 labarin 'yan tawaye ne a ƙarƙashin azzalumar daula, saboda haka kurkukun Narkina 5 da ake azabtar da fursunoni da lantarki ta ƙasan ƙafafunsu ya zauna daram a cikinsa. A Star Trek jarumanmu su ne hukumar. Su ke da kumbo, su ke da makami, tambayar kullum ita ce me mai ƙarfi zai yi da ƙarfinsa. In ka ruɓar da Tarayyar tun daga tushe, ka mayar da shirin ɗaya daga cikin ɗimbin shirye-shiryen da ke cewa duniya ta lalace, waɗanda ba mu rasa su ba. Ronald Moore ya yi abin da ya dace. Ya yi shekaru yana rubuta wa Star Trek, da ya so labarin da ya fi tsanani sai ya je ya sake gina Battlestar Galactica, wanda ya fara a matsayin mai dogon zango a 2004. Ka nemi abokinka ku kalli kashin Sisko tare, sannan ku ci gaba da musun.

TAMBAYA: Malam, yarana sun fara sha'awar finafinan sararin samaniya. Da wanne zan fara musu a cikin Star Trek?
Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya su. Ki fara musu da Prodigy, na zane ne da aka fara a 2021, don yara aka yi shi, labarin wasu matasa da suka tsinci kumbo suna koyon aiki tare. Daga nan sai The Next Generation, kina zaune tare da su, domin za su yi ta tambaya, kuma tambayoyin masu amfani ne. Discovery da Picard ki ajiye su sai sun girma. Strange New Worlds ma ki fara dubawa da kanki, akwai kashin da halittun Gorn ke fasa jikin mutum su fito, yaro zai iya kasa barci.