Ku Tambayi Anti: Na samu shiga babbar jami'a amma ji nake kamar kuskure aka yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji ɗaya a wata babbar jami'a a Ingila, irin wadda in ka ambaci sunanta sai an sake kallonka. Sikolashif na samu. Tun daga firamare har na gama sakandare ban taɓa wuce na ɗaya ko na biyu ba, amma wallahi Anti tunda na zo nan na koma kamar wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Rubutun farko da na miƙa maki 62 aka ba ni, na shige ɗaki na kulle ƙofa na sha kukana. 'Yan ajinmu kuwa kowa bakinsa cike da magana, suna kiran sunayen littattafan da ko a mafarki ban taɓa ji ba, ga su kullum cikin fara'a ana taron ƙungiya ana wasanni, ni kuma daga laburare sai gado kuma duk da haka ba na gama karatun sati. Wani lokacin sai in ji kamar kuskure aka yi aka ɗauke ni kuma wata rana asiri zai tonu. A gida kowa alfahari yake da ni shi ya sa na kasa faɗa wa kowa. In tattara in koma ne ko yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ki share hawayenki tukuna mu fara da wannan 62 ɗin, domin kukan da kika yi a kansa na rashin sani ne. A tsarin jami'o'in Ingila daga maki 70 ake shiga daraja ta ɗaya, daga 60 zuwa 69 kuma babban mataki ne na daraja ta biyu, wanda da shi ɗimbin ɗalibai masu ƙoƙari suke fita kuma ake ɗaukarsu aiki ko digiri na biyu. A darussan da ake rubutun sharhi da wuya ki ga an ba mutum 80 balle 90 ɗin da kika saba gani a sakandare. To ke rubutunki na farko, a watanninki na farko, a ƙasar da ba taki ba, kika samu 62, ai ni da kina kusa da ni barka zan yi miki.

Shi kuma wannan tunanin na cewa kuskure aka yi, ba ke kika fara shi ba, har suna gare shi a wajen masana halayyar ɗan adam, "impostor syndrome" suke ce masa, wato mutum ya riƙa jin bai cancanci matsayin da ya kai ba. A shekarar 1978 wasu mata biyu masana a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka wallafa abin da suka gano bayan sun yi aiki da mata sama da 150 waɗanda suka yi zarra, masu manyan digirori da ɗaliban da ke kan gaba a ajinsu, amma a zuci kowacce gani take sa'a ce kawai ta kai ta ko kuma an ruɗu ne da ita. Daga baya aka ga abin bai bar maza ba ma. Sannan akwai wani masanin, Herbert Marsh, wanda tun 1984 shi da abokin aikinsa suka nuna cewa ɗalibai biyu masu ƙwaƙwalwa ɗaya, wanda aka sa cikin haziƙai zalla ya fi raina kansa a kan wanda ke makarantar da shi ne zakara. Suka kwatanta abin da babban kifi a ƙaramin tafki. Kin ga ƙwaƙwalwarki tana nan yadda take, tafkin ne aka sauya miki, kuma kusan duk wanda ke zaune kusa da ke a lakca shi ma na ɗaya ne a inda ya fito, dole dai wani ya zo na ashirin a cikin na ɗaya ɗari.

Fara'ar da kike gani a fuskokinsu ma kar ta ruɗe ki. Ɗaliban jami'ar Stanford suna da wani kwatance da suke yi wa kansu da agwagwa, a saman ruwa ka gan ta tana tafiya luf-luf kamar ba ta da damuwa, amma a ƙasa ƙafafunta sai faman iyo suke ba hutu. A jami'o'in Oksfod da Kambirij na Ingila zangon karatu sati takwas ne kacal, sau uku a shekara, a cusa maka aiki mai yawa cikin ɗan lokaci, har ɗalibai sun san sati na biyar da sunan satin ƙunci saboda yadda gajiya da kewa ke taruwa su danne mutum a lokacin. Jami'ar MIT ta Amurka kuwa da suka ga yadda sababbin ɗalibai ke wahalar da kansu a kan maki, sai suka tsara cewa a simestar farko in ka ci kwas a rubuta ka ci kawai, in ka faɗi ma ba zai fito a takardar sakamakon da ake nuna wa waje ba. Makaranta ba za ta yi irin wannan doka ba in da mutum ɗaya ne ke shan wuya.

Yanzu abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne wannan "daga laburare sai gado". Nan ne gyara yake. Abin da ya bambanta irin waɗannan jami'o'in da saura ba tsofaffin gine-gine ba ne, kusancin da ake ba ki da malamai ne, kuma shi wannan kusancin ba ya biyo mutum ɗaki. A Oksfod ana zama ɗalibi biyu ko uku da malami guda na kamar awa ɗaya duk sati a tattauna rubutun da suka yi, Kambirij ma haka suke yi da wani sunan, sauran jami'o'in kuma kowane lakcara yana da awannin da yake zama a ofis ƙofa a buɗe don ɗalibai kawai. Yaran da kika ga bakinsu ya buɗe, da yawansu sun fito ne daga makarantu da gidajen da aka koya musu tun suna ƙanana cewa yin musu da malami ba rashin kunya ba ne, kuma sun san ba a karanta duk littafin da ke jerin karatu daga bango zuwa bango, ana duba gabatarwa da babin da ya shafi tambayar a wuce. Wannan ba basira ba ce, sanin hanya ne, kuma ana koyonsa cikin zango ɗaya ko biyu.

Don haka satin nan ki ɗauki rubutun nan mai 62 ki tura wa malamin imel ki ce kina son minti goma sha biyar ya nuna miki abin da ya raba shi da 70. Matambayi ba ya ɓata. Ki nemi mutum ɗaya a ajinku, ɗaya tak, ki ce masa karatun satin nan ya ba ki wuya, ina mai tabbatar miki amsar da za ki ji za ta ba ki mamaki. Ki shiga ƙungiya guda wadda ba ruwanta da maki. In kuma abin ya kai barci ya ƙaurace miki, ko abinci ya fita ranki, ko kin wayi gari ba kya son fitowa kwana da kwanaki, to akwai sashen ba da shawara na ɗalibai a jami'ar kuma sirri ne, ki je, don Allah kar ki tsaya jiran abin ya yi tsanani. Sannan ki zaɓi mutum ɗaya a gida ki faɗa masa gaskiya, alfaharin da suke yi da ke ba zai zube don kin ce kin gaji ba. Maganar komawa kuwa ki ajiye ta sai kin gama shekarar farko, in har lokacin zuciyarki na nan a kan haka ki sake rubuto min mu duba tare.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ɗana yana wata fitacciyar jami'a a Amurka, ya kusa shekara amma in na tambaye shi me yake karanta sai ya ce bai zaɓa ba tukuna. Yau ya ce yana ajin falsafa gobe lissafi, ga aikin jaridar ɗalibai ga wasan tseren kwale-kwale. Anya yaron nan ba wasa ya je yi ba?

AMSA: Ranka ya daɗe, hankalinka ya kwanta, yaron bai yi maka ƙarya ba. Haka tsarin yake a yawancin manyan jami'o'in Amurka, digirin shekara huɗu ne kuma ana so ɗalibi ya ɗanɗana fannoni daban-daban kafin ya tsaya a kan guda. A Harvard misali sai a shekara ta biyu ɗalibi ke bayyana fannin da zai ƙware a kai. Ingila ce ake zaɓar kwas tun ranar cike fom. Jarida da wasanni kuma a can ana ɗaukarsu wani ɓangare na tarbiyyar makarantar, jaridar ɗaliban Harvard tun 1873 take fitowa kuma ɗalibai ne ke tafiyar da ita, tseren kwale-kwale tsakanin Oksfod da Kambirij kuwa tun 1829 aka fara shi. A irin wuraren nan ne yaro ke koyon aiki da mutane da cika alƙawari a kan lokaci, a nan kuma yake samun abokan da zai daɗe tare da su.

Amma ban ce ka saki ido ba. Haɗarin da ke irin wannan wuri shi ne yaro ya ɗebo abubuwa goma don ya ga kowa na yi, barci ya gagare shi karatu ya sha kashi. Maimakon "me kake karanta", ka tambaye shi wane aji ne ya fi jan hankalinsa kuma me ya sa, ƙarfe nawa yake kwanciya, akwai malamin da ya san sunansa. In ya amsa waɗannan da zumuɗi to yana kan hanya. Ka kuma roƙe shi ya nuna maka sakamakon simesta da kansa, don a dokar Amurka makaranta ba ta cika tura wa iyaye sakamakon ɗalibin jami'a ba sai da yardarsa.

TAMBAYA: Anti ni ɗan ajin ƙarshe ne a sakandare. Wai me ake nufi da Ivy League, kuma gaskiya ne 'ya'yan masu kuɗi ne kawai a ciki, talaka ko ya shiga ba zai sake ba?

AMSA: Ƙanena, asalin sunan na gasar wasanni ne tsakanin jami'o'i takwas na arewa maso gabashin Amurka da aka tabbatar a 1954, wato Harvard da Yale da Princeton da Columbia da Pennsylvania da Brown da Dartmouth da Cornell. MIT da Stanford ba sa ciki kuma ba wanda zai ce sun gaza su, don haka kar sunan ya rufe maka ido. Shiga akwai wuya ƙwarai, a 'yan shekarun nan Harvard ba ta ɗaukar ko 5 cikin 100 na masu nema, saboda haka ka nemi wasu makarantun tare da su.

Batun masu kuɗi ba zan ɓoye maka ba, suna da yawa, kuma za ka ji bambancin a hira da sutura da inda ake zuwa hutu, wani lokacin abin da ciwo. Sai dai makarantun suna da tallafi mai ƙarfi ga wanda gidansu ba hali, kuma an tsara zaman yadda dole a cakuɗa. A Harvard 'yan aji ɗaya wuri guda suke zama su ci abinci a babban zaure guda, daga nan a rarraba su gidaje 12 ta hanyar ƙuri'a, ba wanda ke zaɓar gidan da zai faɗa. In Ingila kake hari ka sani ba a neman Oksfod da Kambirij a shekara guda a matakin digirin farko, ɗaya za ka zaɓa, kuma suna rufe karɓar takardu a tsakiyar Oktoba, watanni kafin sauran jami'o'in ƙasar, don haka tun hutun da ke gabanka ya kamata ka fara rubuta bayanin kanka ka kuma sanar da malamin da zai rubuta maka takardar shaida.