Ga mai tambaya kan "schoon" da "mooi"

'Yar uwa, ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce kin yaba jaririyar maƙwabciyarki da kalmar harshen Holan "schoon", ta bi ki da wani irin kallo, kina son sanin laifinki. Ba ki da laifi, ni ma ramin nan na faɗa.

A Antwerp na koyi harshen, shekara huɗu. Can Beljiyam idan tsohuwa ta ce "schoon kind", kyakkyawan yaro take nufi. Da muka koma Rotterdam a ƙasar Holan, inda "schoon" ke nufin tsabta, wata abokiyar aikina ta kawo hotunan aurenta, na ce ta yi "schoon". Sai matar nan ta ɗaga murya a gaban kowa, wai ashe sauran ranakun ƙazama nake ganinta? Aka kwashe da dariya. Wallahi ta san daga Beljiyam na zo, ta san abin da nake nufi sarai. Wata biyu tana maimaitawa a wurin shan shayi, har muryata take kwaikwaya. Na sha kuka a banɗaki, na daina buɗe baki a wurin aiki. Har yau fuskarta ba ta bar idona ba.

Kalmar nan da "schön" ta Jamusanci uwa ɗaya uba ɗaya suke, a da kyau take nufi. A Holan ne ta koma tsabta, "mooi" ta gaje gurbinta. Amma kin ga "schoonheid" har gobe kyau ne. Uwar miji ma "schoonmoeder" ake ce mata, kwaikwayon "belle-mère" ta Faransanci.

Ki riƙe "mooi". Idan abu ya burge ki matuƙa, "prachtig". Jaririya kuwa "schattig" ya fi dacewa. Ki bar wa abinci "lekker", kada ki faɗa wa mutum. Kuma don Allah kada ki haɗiye harshenki kamar yadda na yi.

Ni wata 'yar Afirka ta Kudu ce ta dawo min da ƙwarin gwiwa. Afrikaans ɗinsu daga harshen Holan ya tsiro, bayan mutanen Holan sun sauka a Cape a 1652, kuma su ma "skoon" tsabta ce. Ita "baie mooi" take cewa, wato kyau sosai, "baie" ɗin daga harshen Malay aka aro. In za mu rabu sai ta ce "mooi loop", wato a sauka lafiya. Allah ya saka mata.

Ki soya ɗan cincin ki leƙa maƙwabciyar nan, ki gaya mata inda kika koyo kalmar.