Amsa ga mai amfilifayar jita da ke cinye fis

Ɗan'uwa, sannu da fama. Ka ce amfilifayarka mai bawul (irin kwalaben gilashin nan), mai 6L6 guda biyu masu ƙara ƙarfin sauti da GZ34 ɗaya mai juya wutar AC zuwa DC, tana ƙona fis kamar daƙiƙa goma bayan ka kunna ta, yanzu ta ci uku, har wani ya ce ka naɗa waya a gurbin fis ɗin. Don girman Allah kar ka yi. An taɓa kawo mini wadda aka yi wa haka, taransifomar wutarta ta dahu har kakin ciki ya zubo. Abin da kondensa ɗaya za ta gyara ya koma neman taransifoma na wata biyu.

Wannan daƙiƙa goman da ka ambata ita ce bakin zaren. Da taransifoma ce ta haɗe, wato wayoyinta suka taɓa juna, ko layin bolt 6.3 mai ɗumama bawul, da kana taɓa makunni fis zai tafi. Ita GZ34 sai ta ɗauki zafi tukuna take sakin babbar wuta, wajen bolt 450. Ke nan ɓarnar tana can inda babbar wutar ke bi: ko GZ34 ɗin kanta, ko manyan kondensa, ko ɗaya daga cikin 6L6.

Kafin ka sa hannu ciki, ka sani kondensar nan suna riƙe wuta ko an zare filogi, kuma wuta ce mai kisa. Ka sauke ta da rezista 100k mai wat 5, ka auna da mita har ta koma ƙasa da bolt 10. In kana awo tana kunne, hannu ɗaya a aljihu. In ba ka saba ba, ka tsaya a cire bawul kawai, sauran ka bar wa mai gyara.

Ni abin da ya fi yi mini amfani a wannan aiki shi ne ƙwan fitila mai zare, wat 100. Irin na da nake nufi, LED ba ya yi, kuma ya fara wuyar samu, in ka gani ka sayi biyu. Ka yanke layin wuta ɗaya, ka haɗa ƙwan a tsakani, yadda wutar sai ta ratsa shi kafin ta shiga amfilifaya. In lafiya, zai haska sau ɗaya ya dushe. In akwai haɗewa, zai tsaya da haskensa tar, fis bai ƙone ba, taransifoma ba ta wahala ba.

Sai ka cire bawul duka ka kunna. Ya dushe? Kashe, mayar da GZ34 ita kaɗai, jira rabin minti. In ya haskaka a nan, duba ko tana tartsatsi a cikin gilashinta. In ba ta yi, galibi kondensa ce, sau da yawa za ka tarar ta kumbura ko ta yi tsatsa fari a baki. In kuwa ƙwan ya dushe, kafin ka mayar da 6L6 ka auna ƙafa ta 5 a mazauninsu. Ya kamata ka ga wuta mai alamar ragi, wajen bolt 45 zuwa 50. In babu ita, bawul zai ja wuta har farantinsa ya yi ja kamar garwashi, sabo ma ka saka haka zai mutu. Duba kuma rezistar ƙafa ta 4, galibi om 470 ce, bawul in zai mutu yakan tafi da ita. Daga nan ka mayar da 6L6 ɗin ɗaya bayan ɗaya, da sifika a haɗe kullum, don kunna ta babu sifika na iya kashe ɗaya taransifomar, wadda ke kai sauti ga sifika.

Fis ɗin ma ka duba. Mai harafin T ake so, mai ɗan haƙuri, daidai da lambar da ke rubuce a bayan akwatin. In kuwa 'yar Amurka ce mai bolt 120, ka tabbata na'urar rage wutarka ta fi ƙarfinta sosai, tunda tamu 230 ce.

Ka gwada, ka faɗa mana a wane mataki ƙwan ya haskaka.