Tambayoyin Masu Karatu: Jinyar Ɗana Mai Sikila Ta Fi Ƙarfina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara huɗu yana fama da amosanin jini, kuma da wuya mu yi wata biyu ba a ba mu gado ba. Ni kaɗai nake kwana da shi, yayyensa suna hannun maƙwabta, kuɗin magani da na ƙarin jini kuma sun cinye jarin mahaifinsa. Shin akwai tallafin da asibiti yake bai wa masu jinya irina? Daga wata uwa, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Sannu da jinya, 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Tallafi akwai shi, sai dai ba ya zuwa bakin gado da kansa, kuma kunyar tambaya ce take hana iyaye da yawa samunsa.

Manyan asibitocin gwamnati, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, wanda aikinsa shi ne bincika halin iyalin da nauyi ya yi wa yawa, sannan ya nema musu rangwame ko ya haɗa su da masu ba da zakka da ƙungiyoyin agaji. Ki roƙi babbar nas mai kula da ɗakin ta tura ki can, ki tafi da katinsa da rasiɗan abin da kuka kashe, ki faɗi halin da kuke ciki ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ba lallai ne a ɗauke muku komai ba, domin mabuƙata sun fi kuɗin yawa, amma ko ragi aka yi an rage zafi. Tun da yaron bai kai shekara biyar ba, ki kuma je KSCHMA, wato hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, ki tambayi yadda za a sa shi a shirin marasa galihu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana asibiti ƙin karɓar wanda yake buƙatar taimakon gaggawa.

Abin da ya fi damuna shi ne kwananki ke kaɗai. Uwar da ba ta samun barci takan manta lokacin magani, don haka ya kamata mahaifinsa ya zauna da dangi a tsara karɓa-karɓa, a kuma tanadi masu ba da jini tun kafin buƙata ta taso.

Kafin a sallame ku, ki nemi a yi masa rajista a asibitin masu sikila na mako-mako, ki tambayi likita ko hydroxyurea ya dace da shi, domin maganin yana rage yawan tashin ciwon. Idan kuma zazzaɓinsa ya kai digiri 38, ko kika ga idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, kada ki jira gari ya waye, ki kai shi ɗakin gaggawa na yara.