Bangon da ya tsaya a silin

Assalamu alaikum. Alhaji, na ji saƙonka tun ɗazu, ina bakin aiki ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce za ka raba babban gidan nan kashi huɗu ka zuba 'yan haya, kana tambaya wanne ya fi, bulo ko allon jibsam. To ni dai abin da kunnena ya jiye mini shi ne, kana so a ce maka ka tsai da bangon daidai silin ka huta da kuɗin kai shi sama. Ai na san hali. Amsar ita ce a'a, saboda gobara.

Bulo da allo duk suna yi in an yi su yadda ya kamata. Allon jibsam ɗin ma, wato falankin farar ƙasa da ake raba ɗaki da shi, raina shi kawai ake yi. Akwai ruwa ɗaure a jikinsa, kusan kashi 21 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Wuta na lasar sa sai ruwan ya riƙa fita da tururi, bayansa ba zai ɗau zafi sosai ba sai ruwan nan ya ƙare. Amma ba kowanne ba fa. Mai kaurin milimita 16 za ka nema, to, 15.9 ne in za a bi ƙa'ida, mai alamar X, wanda aka cuɗa da zaren gilashi don kada ya ruguje da wuri. A buga shi ta fuska biyu, a toshe mahaɗarsa da kyau, zai riƙe wuta awa ɗaya. Kuma awa ɗayan nan ba da baki ake faɗa ba, a tanderun gwaji ake sa bangon, zafi ya haura digiri 900. A Amurka abin da dokar gini ke nema ke nan tsakanin gidan wannan ɗan haya da na wancan, awa ɗaya, sai a wasu gine-ginen da ke da bututun yayyafa ruwa a sama ake rage shi zuwa rabin awa. Falankin katako kuwa, kada ma ka kawo mini maganarsa, wannan itacen hura wuta ne ka jera wa mutane.

To amma ka gane, wuta sama take yi. Ta ci silin, ta shiga cikin rufi, can kuwa duk katako ne busasshe da wayoyi, ga iska. In bangonka ya tsaya a silin, sai ta bi ta kansa ta faɗa ɗakin maƙwabci. Bangon kuma yana nan tsaye, ko fentinsa bai ɓaci ba. Dole ya tashi tun daga ƙasa har ya dangane da kwano, ɗan giɓin da ya rage a cusa masa audugar dutse, wato zaren da ake yi da narkakken dutse wanda ba ya cin wuta, ko a cike da siminti.

Wallahi abin nan ya taɓa haɗa ni faɗa da wani mai gida, shekarun baya. Gida ne mai ɓangare shida a jere. Na hau cikin silin da tocila, na haska, daga ɓangaren farko ina hango na ƙarshe, ba ko bulo ɗaya a tsakani. Na sauko na faɗa masa. Buɗar bakinsa sai ya ce, wa zai hau ya gani? Wai ni ina neman ƙarin aiki ne don in ci kuɗinsa. Ni! Ya sallame ni, ya kawo wani ya shafe masa fenti. Ba a rufa shekara biyu ba wayar lantarki ta kama da wuta a ɓangare na biyu cikin dare, kuma mutanen ɓangare na biyar su suka fara tashi da tari, tun na kusa ba su san me ake ciki ba. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma rufin ya tafi gaba ɗaya. Har yau bai kira ni ya ce ashe gaskiyarka ba. Tsanina ma yana wajensa, tsani mai kyau na ƙarfe, na aika sau uku... to a bar wannan.

Ina ma na tsaya? Yawwa, huji. Kai ka gama bango lafiya lau, sai mai wayarin ya zo ya fasa soket nan, ya zagaya ya fasa wani daidai bayansa, don wayar ta yi masa sauƙi. Ya buɗe wa wuta taga ke nan. A raba su, aƙalla santimita 60 tsakani. Mai famfo shi ma ya ratsa da bututun roba, wuta na zuwa robar ta narke, rami ya buɗe. Akwai wani zobe da ake ɗaura wa bututun, in ya ji zafi sai ya kumbura ya shaƙe ramin. Kada ka yarda su fesa maka kumfar nan rawaya ta toshe kafa, ita kanta ci take yi.

Sai ƙofa. Ka tuna benen Grenfell a Landan, Yunin 2017, mutum 72 suka rasu, daga firji wutar ta tashi a hawa na huɗu. A'a, bari in gyara, kada injiniyoyi su taso mini, can babban laifin na rufin da aka lulluɓe jikin benen da shi ne ta waje, shi ya kai wutar sama. Amma ƙofofin ma an gwada ɗaya daga baya, wadda aka ce ta minti 30 ce, wajen minti 15 ta yi. Misalin da ya fi dacewa da kai shi ne na Bronx a Niyok, Janairun 2022. Hita ce ta kama a gida ɗaya, mutanen suka gudu, ƙofar ba ta rufe kanta ba, hayaƙi ya bi matakala ya cika benen. Mutum 17, kuma hayaƙin ne ya kashe su. Saboda haka duk ƙofar da ke fita zuwa matakalar da kowa ke bi, ka sa mai nauyi, da ƙarfen nan mai jawo ta ta rufe. Na san 'yan haya za su tokare ta da dutse, wannan kuma...

Maganar na'urar jin hayaƙi sai wani lokaci, caji na ya kusa ƙarewa. Ka sa yaro ya hau cikin silin ɗin gobe da safe ya ɗauko mini hoto, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kafinta kuma kada ya buga ko ƙusa ɗaya sai na gani.