Ontoloji ta kai rukuni 120, da me zan auna ta?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi. Na gina ontoloji, wato tsarin ilimi na kwamfuta mai jera abubuwa rukuni-rukuni da alaƙar da ke tsakaninsu, kan noman gero da wake a manhajar Protégé, rukunoni sun kai 120. An ce in kawo ma'aunin ingancinta. Yawan rukunonin bai wadatar ba?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ƙanwata. Bai wadatar ba. Protégé zai ƙirga miki rukunoni da alaƙoƙi, amma girman buhu ya nuna, bai kwance bakinsa ba.

Fara da wadatar alaƙa, ɗaya daga ma'aunan OntoQA, tsarin auna ingancin ontoloji da Samir Tartir da abokan aikinsa suka fitar a 2005. Alaƙa iri biyu ce. Akwai ta gado, kamar "gero nau'in hatsi ne". Akwai sauran, kamar "ƙuduji yana shanye gero" ko "ana shuka wake tsakanin gero". Ki raba adadin sauran da jimillar duka biyun. A ce kina da ta gado 120, sauran 10: 10 cikin 130 ke nan, ko kashi 8 cikin 100 bai cika ba. In haka ya fito, jerin sunaye kika rubuta. Nan na fi damuwa, don ilimin manomi a alaƙa yake zaune: wace tsutsa ke cin zangarniya, a wane lokaci, wace ƙasa ke karɓar wane iri.

Sai siffofi: ki raba yawansu da yawan rukunoni. Kwanakin nuna da lokacin shuka duk siffofi ne. Ki duba kuma rukuni nawa ke da wani abu takamaimai a ciki, kamar irin shuka mai suna HKP a ƙarƙashin gero. Wanda babu kome cikinsa rumbu ne wayam. Matsakaicin rassan kowane rukuni kuwa zai gaya miki ko ta yi faɗi ko ta yi zurfi, kuma babu wanda ya fi wani.

Kafin ki rubuta ko lamba ɗaya, kunna HermiT, manhajar da ke cikin Protégé mai duba daidaiton ontoloji, ya binciko saɓani. Rukunin da ya ci karo da kansa sifili ake so. Daga nan ki je Tarna ko Tibiri, nan kusa da Maradi, ki zauna da manoma, ki rubuto tambayoyi 20 daga bakinsu, ki ƙirga nawa ontolojin ta iya amsawa. Wannan adadin ki sa shi a shafin farko.